Bangon Ɗakin Yara

Ruwa ba ya hawa benen gidan nan sai ranar da ya ga dama. Shi ya sa da amai ya taso wa Amarya da hantsin nan, ba ta da zaɓi sai ta sauko a guje har bakin famfon tsakar gida, ta durƙusa a gaban kowa.

Mama, uwar mijinta, tana zaune kan tabarma tana tsintar shinkafa a faranti. Uwar Biyu, matar babban wan mijin, tana gefe tana cuɗa kayan makarantar yara a baho. Duk suka tsaya.

"Lafiya, Amarya?"

"Lafiya lau, Mama." Ta kuskure baki, ta share hawayen da aman ya matso mata. "Wari ne ya hau mini kai."

"Warin me?"

"Fenti."

"Fenti kuma? Ina ake fenti a gidana ban sani ba?"

Nan ya kamata ta yi tunani kafin ta buɗe baki, amma wanda cikinsa ke juyawa ba ya tunani. "Ɗakin nan na kusa da namu nake ɗan taɓawa."

Mama ta ajiye farantin a hankali. Ta kalli Uwar Biyu, Uwar Biyu ta kalle ta.

Ɗakin nan na kusa da nasu yana da tarihi. Tun kafin a kawo Amarya gidan, Mama ta sa aka fitar masa da babbar taga, ta ce ɗakin yaran Auta ne. Auta shi ne mijin, ɗanta na ƙarshe, mai shagon sayar da fenti a bakin babban titi. Aka fara ƙirga shekarun auren da yatsun hannu ɗaya, aka gama, aka shiga ɗaya hannun, ɗakin yana nan ba kowa a ciki. Ita ma matar tana nan da sunanta na ranar farko. Matan da aka kawo unguwar bayanta duk sun zama Maman wane da Maman wance, ita kuwa Amarya ce har yau, kuma kowa ya san ba don ƙauna ake ci gaba da kiranta haka ba.

To ga mace ta yi amai da hantsi, kuma tana gyaran ɗakin yara a ɓoye. Ku da kanku kun san inda tunanin tsohuwa zai tafi. Ni da an tambaye ni da na ce a dakata a ji, amma masu hankali irina ba a tunawa da mu sai abu ya lalace.

"Zo nan," in ji Mama. "Zo, 'yata."

Amarya ta waiga ta ga ko akwai wata a bayanta.

"Mama, ba abin da kike..."

"Rufe bakinki. Ba a faɗar wannan da wuri, bakin mutane ba shi da kyau. Na gane, ba sai kin ce komai ba." Ta kamo hannunta ta zaunar da ita kan tabarmar da ba ta taɓa zama a kai ba, ta shiga shafa mata baya. Hawaye na bin kumatun tsohuwar. "Allah na gode maka. Ashe zan gani."

Amarya ta sake buɗe baki. Hannun Mama yana da ɗumi a bayanta. Ta rufe.

Gaskiyar abin da ke faruwa a ɗakin kuwa ga ta. Tun ranar da suka dawo daga wurin likita na ƙarshe, Amarya ta daina saukowa ƙasa sai dole. Ƙasa akwai jikoki, akwai kuka da dariya, akwai Mama da ke iya cewa "Allah ya raya" da wata irin murya da ke sa abinci ya tsaya wa mutum a wuya. Sama kuma akwai ɗaki biyu da shiru. A lokacin ne Auta ya fara jibge ragowar gwangwanayen fenti a ɗakin da ba kowa, waɗanda masu saye suka dawo da su don launin bai yi musu ba. Wata rana ta shiga shara, ta buɗe wani gwangwani shuɗi, ta tsoma yatsa, ta ja layi a bango.

A makaranta an sha dukanta kan zane a bayan littafi. Ta ɗauka hannun ya manta. Ashe bai manta ba.

Daga yatsa ta koma tsohon burushin haƙori, daga nan Auta ya gani ya kawo mata burushi na gaske, manya da ƙanana. Ta fara zana tsakar gidan kamar yadda take ganinsa daga sama. In tana zane, muryoyin da ke cikin kanta sukan yi shiru. Ba ta tuna kwanan wata, ba ta tuna allura da ƙwayoyi, ba ta tuna fuskar likita lokacin da ya cire tabarau kafin ya yi magana. Abin da ke gabanta kawai shi ne ko wannan koren ya yi duhu da yawa. Don kada wari ya sauka ƙasa a yi mata tambaya, sai ta riƙa rufe tagar ruf. Warin nan da ta kulle kanta da shi ne ya juya mata ciki.

Da Auta ya dawo cin abincin rana, tun daga ƙofar gida Mama ta tare shi da rawar kafaɗa. Ya hau sama fuskarsa kamar wanda aka mara.

"Madam, me kika ce mata?"

"Ban ce komai ba."

"To me ya sa take kirana Baban jariri?"

"Don ban ce komai ba." Ta dube shi. "Uwarka ce. Ka sauka ka faɗa mata."

Ya sosa kai da hannun da fenti bai taɓa fita daga farcensa ba. "Kin ga yadda take murna kuwa? Rabon da in ga haƙoranta na ciki tun ina yaro. Bari ta ɗan huce. Gobe."

"Gobe?"

"Gobe da safe. Kafin in sha shayi."

Ya sha shayin. Ya sha na jibi ma.

Kada ku yi saurin zaginsa. Auta mutum ne mai kirki, yana son matarsa son da ba ya iya ɓoyewa, har 'yan'uwansa na tsokanarsa cewa an wanke an ba shi ya sha. Ciwonsa ɗaya ne: tunda aka haife shi bai taɓa kallon idon uwarsa ya ce a'a ba. Yakan ce to, sannan ya zagaya ya san yadda ya yi.

Kwanakin da suka biyo baya, Amarya ta ga irin rayuwar da ake yi a gidan nan wadda ita ba ta taɓa shiga ba. Mama, mai ciwon gwiwar da ko bikin auren bai sa ta hau benen ba, ta riƙa hawowa tana nishi, ɗauke da shayi da dafaffen ƙwai. Ta hana ta wanki. Ta hana ta shara. Ta hana ta ɗaukar bokiti, ta hana ta fita ko da shagon kan kwana, wai hanya akwai ramuka. Takan zauna bakin gado ta ɗora ƙafar Amarya a cinyarta tana matsawa, tana ba ta labarin lokacin da take ɗauke da cikin Auta, yadda ta tsani warin albasa, yadda marigayi mijinta ya yi tafiya mai nisa a ƙafa don nemo mata lemon tsami.

Amarya tana jin daɗin hannun nan a ƙafarta, kuma tana jin kamar sata take yi.

Sannan Mama ta miƙa hannu. "Makullin ɗakin can."

"Mama, ai kayana..."

"Warin fenti ba na mai irin halinki ba ne. Ba za ki ƙara shiga ba sai kin sauka lafiya." Ta ƙulle makullin a bakin zaninta. Ko leƙa ɗakin ba ta yi ba.

Daga ranar sai ya zama ba ƙasa, ba waje, ba bango. Ɗaki ɗaya, gado ɗaya, da ƙwan da take haɗiyewa da ƙyar. Ta riƙa zagaya ɗakin kamar akuyar da aka ɗaure da gajeriyar igiya. Yatsunta suna ƙaiƙayi. Ta yage kwalin sukari ta yi zane a cikinsa da biro, ta cika shi, ta koma kwalin ashana. Ta bango take jin ɗakin can, kamar akwai wani a ciki yana jiranta.

Shi ma Auta a shago bai tsira ba, domin sirrin da Mama ta ce ba a faɗa, ita ce ta faɗa wa ƙanwarta a waya, da sharaɗin kada ta faɗa wa kowa. Ƙanwar ma da wannan sharaɗin ta faɗa wa nata mutanen. Yana tsaye yana haɗa wa wani launi, yana ɗiga baƙi cikin fari yana juyawa da sanda, sai telan da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo.

"Angon ƙarni, ashe haka abin yake? Shiru-shiru, ana ta aiki."

"Wane aiki?"

"Kai dai ka kawo yadi da wuri. Kada ka zo mini ana gobe taro kana cewa in taimaka."

Hannun Auta ya kuɓuce, baƙin ya yi yawa. Mai saye ya ce shi ruwan toka ya ce, ba kalar hadari ba.

Da watan ya zagayo, abin da ke zuwa wa mata ya zo, kamar yadda ya saba zuwa ba ya makara. Amarya ta yi wankinta a ɓoye ta shanya a bayan ƙofa. Uwar Biyu ce ta hawo da tulin kayan guga, ta tura ƙofar da ƙafa, ta gani. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta ajiye kayan, ta mayar da ƙofar ta rufe.

"Dama na yi zargi. Ni da na ɗauki biyu a lokaci ɗaya, na san fuskar mai ciki. Taki fuskar mai jiran hukunci ce."

Amarya ta fashe da kuka mara sauti.

"Ya isa, ya isa. Share. Ki saurare ni, ni yayarki ce, ba zan cuce ki ba." Ta matso ta rage murya. "Ki kwanta gobe ki ce mararki na ciwo. Ni zan raka ki asibiti, mu biyu kawai. Mu dawo in ce ya zube. Shi ke nan. Za ta yi kuka, ta gama, kuma daga ranar ba mai sake ce miki juya, tunda an ga kin taɓa ɗauka. Ke kin huta, ita ta huta."

"Yaya, ƙarya ce fa."

"Wannan da kike ciki gaskiya ce?"



Da yamma Amarya ta faɗa wa Auta shawarar Uwar Biyu. Ta yi zaton zai tashi tsaye ya ce Allah ya kiyaye. Sai ya kalli tafin hannunsa.

"Ba cewa na yi a yi ba," ya ce. "Amma ba wanda zai ji ciwo."

"Ni zan ji." Ta zauna ta fuskance shi. "Ka san sau nawa na yi kuka a ɗakin nan kan yaron da bai zo ba? Na gaske na yi, ba wanda ya hawo ya ce sannu. Yanzu kuma in kwanta a zo ana yi mini ta'aziyyar ƙarya, in riƙa cewa na gode? Ba zan iya ba, Yallaɓai. Ko ka faɗa, ko in faɗa."

"Gobe..."

"Kada ka ƙarasa."

Goben ce ta zo musu da kafinta. Da safe aka ji hayaniya a matakala, ana "ɗaga can, sauke nan". Mama ce a gaba da makulli a hannu, kafinta a baya ɗauke da gadon jariri sabo fil, har da labulen sauro. Uwar Biyu na biye tana yi wa Amarya alama da ido. Auta yana tsaye da kofin shayi.

"Na so in jira," in ji Mama tana haki, "amma zuciyata ta ƙi. Bari mu ga inda zai zauna."

Ta sa makulli ta tura ƙofa. Launi ya cika mata ido, daga ƙasan bango har sama, amma ba ta tsaya kallo ba, wurin gado take nema. "Nan, kusa da taga."

"Mama."

"Na'am, 'yata."

"Ba ni da ciki."

Kafintan ya ajiye gadon a hankali, ya ce zai je ya duba mashin ɗinsa a waje. Ba a sake ganinsa ba.

"Me kika ce?"

"Ba ni da ciki. Ban taɓa samu ba. Warin fenti ne ya sa ni amai. Na so in faɗa miki tun ranar, na kasa. Ki yafe mini."

Mama ta dafa bango. Fuskarta ta tsufa a take. "Ƙafarki na matsa," ta ce a hankali. "Da gwiwar nan na riƙa hawowa. Kina kallona." Ta juya ga ɗanta. "Kai ma ka sani?"

Auta ya kalli cikin kofinsa.

"Ka sani." Muryarta ta fara tashi. "Na faɗa wa duniya. Da wane ido zan kalli mutane? To tunda abin ya zama wasa, yau za a gama shi. Kun je wurin likitoci, kun dawo kun yi gum. Wa ke da matsalar? Ke ko shi?"

Ba wanda ya amsa.

"Shirun ya ishe ni amsa." Ta nuna bangon ba tare da ta dube shi ba. "Ɗakin jikokina kika mayar wurin shirme. Auta, gobe ka kawo farin fenti ka shafe wannan ƙazantar, ina zaune ina kallo. Ɗakin nan akwai mai shigarsa, na yi haƙuri ya isa. Ke kuma ki haɗa kayanki ki je gida ki huta. In an neme ki, kin ji."

Duk mace ta san irin hutun nan. Ba a cika dawowa daga shi ba.

"Ka ji ni?"

"To, Mama," in ji Auta.

Da suka rage su biyu, Amarya ba ta yi kuka ba. Ta janyo akwati daga ƙarƙashin gado ta buɗe.

"Madam..."

"Zan iya jure maganarta. Na ɓata mata, tana da gaskiya. Amma bangon nan, shi ne kawai abin da ya fito daga jikina a gidan nan. In ka shafe shi da hannunka, ba sai an neme ni ba, don ba zan dawo ba."

Ya ɗauki makullin shago ya fita. A wurin nan ni kaina na yi fushi da shi, kuma ni ba mai saurin fushi ba ne, kowa ya shaida.

Washegari da safe ya dawo da bokiti da rolar shafa fenti. Mama ta sa aka hawo mata da kujera, ta zauna tsakiyar ɗakin ta harɗe hannu. Amarya na tsaye bakin ƙofa da mayafinta, akwati a gefen ƙafarta. Ta ce wa kanta ba za ta kalla ba. Ta kalla.

Ya buɗe bokitin. Fari ne kamar madara. Ya tsoma rola ya ɗora a bango ya ja daga sama zuwa ƙasa. Shuɗin ya dushe. Koren ya dushe. Ya bi bangon layi-layi, ba gaggawa, kamar yadda yake yi wa kowane aiki, har komai ya koma bayan wani farin hazo. Amarya ta cusa bakin mayafi a bakinta.

"Ina ganin inuwarsa," in ji Mama. "Bai rufu ba."

"Hannu na farko ne, Mama. Sai ya bushe." Ya wangale taga, ya kunna fanka.

Amarya ta sunkuya ta ɗauki akwatinta.

"Ki jira ya bushe," ya ce, bai juyo ba.

"In jira me? Ka gama."

"Don Allah. Ban taɓa roƙonki abu a gaban Mama ba."

Ba don shi ta tsaya ba. Ƙafafunta ne suka ƙi tafiya.

Fanka na juyawa. Can sai Mama ta murza ido, ta matso da kujera. Daga gefen taga, inda iska ta fi bugawa, farin ya fara janyewa. Shuɗi ya leƙo. Sannan ja, sannan ruwan ɗorawa. Launukan suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kuma sun fi na da haske, suna sheƙi kamar an wanke su.

"Auta, wane irin fenti ne wannan?"

Ya ajiye rolar. Ya zo ya durƙusa gaban uwarsa, gwiwa biyu.

"Ba fenti ba ne, Mama. Ruwa ne mai kare launi. In yana ɗanye fari ne, in ya bushe ba a ganinsa. Yanzu ko an watsa wa bangon ruwa ba zai goge ba." Ya ɗago ya dube ta. "Jiya na ce miki to, don ban iya ce miki a'a ba. Na kwana ina koyo. A'a, Mama. Ba zan shafe ba, kuma ba inda za ta je. In dole sai ta bar gidan nan, akwatina ya fi nata sauƙin haɗawa."

"Ni kake faɗa wa haka?"

"Ke nake faɗa wa, Mama. Laifin da aka yi miki nawa ya fi yawa, ita kullum cewa take in sauko in faɗa, ni ne mai gobe. Maganar wa ke da matsala kuwa, likita ya faɗa mana mu biyu a ɗaki ɗaya, a ɗakin muka bar ta. Ba ta da ɗa, ba ni da ɗa. Iyakar abin da kowa zai ji ke nan."

Kuma iyakar abin da aka ji ke nan. Ni da nake ganin ba abin da ke ɓoye mini, na bi ta ƙasa na bi ta sama, har yau ba wanda ya gaya mini. Abin yana ci mini rai, amma na bar su da Allah.

Mama ta ɗaga hannu kamar za ta mare shi. Hannun ya tsaya a sama, don idonta ya wuce kansa ya sauka kan bango. Sai yanzu ta kalla.

Tsakar gidanta ne. Ga famfo, ga igiyar shanya, ga bahon Uwar Biyu. Ga tagwaye suna kokawa kan ƙwallo, ga ƙaramar jikarta da takalmi ƙafa ɗaya. A tsakiya ga ta nan ita kanta, kan tabarma, da ɗankwalinta da ke karkacewa hagu, yara sun kewaye ta, tana dariya. Ba a taɓa nuna mata kanta tana dariya ba.

Ta tashi da ƙyar ta matsa. Ta bi hoton da ido har sama, kusa da silin. Can a lungu akwai wata 'yar taga mai ƙarafuna. Bayan ƙarafunan akwai mace, ƙarama ƙwarai, ta dafa ƙarfe da hannu biyu tana kallon ƙasa.

"Wannan fa?"

Amarya ta sunkuyar da kai.

"Da ke nake."

"Ni ce, Mama."

"Me ya sa kika sa kanki can, ke kaɗai?"

"Can nake."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon 'yar tagar. Ta koma ta zauna, ta ja bakin zani ta share fuska.

"Ni na ɗauka girman kai ke hana ki saukowa," ta ce. "Ashe ni ce." Ta yi ajiyar zuciya. "Ban huce ba fa. Kada ku ɗauka na huce. Kunyar da kuka ja mini, sai na yi wata ban ɗaga wayar ƙanwata ba." Ta harari ɗanta. "Kai kuma tashi, kana ɓata wando. Wannan abin da ka shafa, ana iya zane a kansa?"

"In ya bushe sosai, a ɗan goge wurin, ana iya."

"To." Ta juya ga Amarya, ta nuna gefen tabarmar da ke cikin hoton, inda ya rage wuri kaɗan tsakaninta da tagwaye. "Ki sauko da ita nan. Kuma ki yi ta da girma, wannan kamar ƙuda."

Akwatin ya suɓuce daga hannun Amarya. Ta durƙusa ta kifa kanta a cinyar Mama, kukan da ta riƙe shekara da shekaru ya ɓalle. Mama ta bar ta ta yi.

Auta ya matso zai dafa kafaɗarta. Ta ɗago da jajayen idanu.

"Kai kuma ka bar ni ina kallo ina mutuwa, ba ka iya raɗa mini ba?"

"Da na raɗa miki, da fuskarki ta tona ni."

"Sai ka yi sati kana dafa shayinka."

"Ya yi kaɗan," in ji Mama. "Ki sa biyu."

Ba zan ce muku bayan wata tara an ji kukan jariri a benen ba, don ba a ji ba, kuma ni ba na ƙarya sai ta kama. Abin da aka ji shi ne hayaniya. Tagwaye ne suka fara hawowa kallon kansu a bango, suka ce sai an koya musu. Suka janyo 'yan ajinsu. Shugabar makarantar ta zo ɗaukar ɗiyarta, ta ga ɗakin, ta roƙi Amarya ta zana musu bangon ajin ƙanana. Yanzu duk yamma ɗakin a cike yake da yara masu fenti har a kunne, Mama na ƙasa tana mitar sun hana ta barci, tana kuma aiko musu da biskit. Akwai ranakun da Amarya ke rufe ƙofa ta yi kukanta, domin ciwon bai tafi ba. Amma in ta gama takan wanke fuska ta sauko.

Ku 'yan mata da samari masu karatu, ku riƙe wannan. Haihuwa kyauta ce, ba a ƙwatarta, kuma wadda ba ta samu ba ba ta yi wa kowa laifi ba. Ƙarya mai daɗi ɗaki ne mara ƙofa, gara gaskiyar da za a yi kuka a gama. Namiji kuma ya girmama uwarsa har ƙasa, amma ya koyi faɗin a'a cikin ladabi kafin gidansa ya rushe. Wanda ya yi haƙuri bai bar hannunsa ya mutu ba, Allah ba ya barinsa haka, ko da abin da zai ba shi ba shi ne wanda ya roƙa ba.